Marai na Tsaunin Mambila

Duk wanda ya taɓa yin damina a Jalingo ya san marai, ko da bai san sunansa ba. Shi ne tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa da baƙin kai, wanda yakan mamaye itace guda shi da 'yan'uwansa, su cika rassa da sheƙuna masu lilo, su yini suna surutu kamar kasuwa ta ci. Za ku gan shi a bakin Kogin Lamurde, za ku gan shi a harabar makaranta, har ma a kan darbejiyar ƙofar gida. Ba ya gudun mutane. Inda mutane suke, nan ya fi son kafa garinsa.

Wannan marai na gari yana da wani ɗan'uwa a cikin Jihar Taraba wanda yawancin mutanen Jalingo ba su taɓa gani ba. Danginsu ɗaya, sana'arsu ɗaya, wato saƙa, amma halinsu ya sha bamban. Shi wannan ba ya son zafi, ba ya son taro, kuma ba ya saukowa daga kan tsauni. A wannan darasi za ku karanta kamanninsa, da mazauninsa, da yadda yake hayayyafa. Ku riƙa kwatanta shi da marai na gari da kuka saba gani. Za ku tarar cewa rayuwarsa duka a rataye take da wani siririn wuri guda, wato bakin kurmin tsauni.

Hanyar zuwa gidansa

Idan kuna son ganinsa, sai ku yi sammako ku bar Jalingo ku nufi kudu. Za ku wuce Bali, ku isa Serti, inda hedikwatar Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti take. Daga Mayo Selbe hanya za ta fara hawa, tana lanƙwasa tana murɗewa a jikin dutse, har ku ji kunnuwanku sun toshe. Da kun kai sama, sai ku ga kamar kun shiga wata ƙasa dabam. Tuddai ne masu koriyar ciyawa iya ganinku, shanu na kiwo a kansu, ga iska mai sanyi tana kaɗawa. Wannan shi ne Tsaunin Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna, wadda hedikwatarta take Gembu.

Tsayin Mambila ya kai kimanin mita 1,600 daga saman teku. Can gabas, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, akwai ƙololuwar Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, wadda babu wurin da ya kai ta tsawo a duk Nijeriya. Ƙa'ida ce ta halitta cewa duk sa'ad da mutum ya hau sama da mita 1,000, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6. Shi ya sa ranar da ake neman inuwa a Jalingo, a Nguroje ana neman rigar sanyi. Damina ma ta fi tsawo a can, ruwa ya fi yawa, kuma da safe hazo mai laima yakan lulluɓe kwaruruka. Wannan sanyi da laima su ne suka sa ake noman ganyen shayi a Kakara, su ne kuma suka raya irin kurmin da tsuntsunmu yake bukata.

Sunansa

Masana kimiyyar tsuntsaye suna ba kowace halitta suna mai kalmomi biyu, domin a gane ta a ko'ina cikin duniya. Sunan wannan tsuntsu a wurinsu shi ne Ploceus bannermani. Kalmar farko sunan dangi ce, kuma marai na gari ma da ita sunansa ya fara. Asalinta daga harshen Girkanci ne, ma'anarta masaƙi. Kalma ta biyu kuwa sunan mutum ce.

Wani masani ɗan Amurka mai suna James Chapin ne ya fara bayyana wa duniyar ilimi wannan tsuntsu a shekarar 1932, daga samfurin da aka samo a tsaunukan Kamaru. Ya raɗa masa sunan David Bannerman, wani masani ɗan Birtaniya, domin girmama shi. Shi Bannerman ya wallafa littafi mai juzu'i 8 a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma tsakanin 1930 da 1951. Mu kuwa a wannan darasi za mu kira tsuntsun marai na tsauni, don mu bambanta shi da na gari.

Kamanninsa

Ɗan ƙaramin tsuntsu ne. Tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya kimanin santimita 14 ne, wato bai kai rabin rular da kuke ja layi da ita ba. Nauyinsa bai kai na ƙwan kaza ba. Marai na gari ya ɗan fi shi girma da kauri.

Idan ya fuskanto ku, abin da za ku fara gani shi ne fuskarsa. Baƙa ce wuluk, tun daga gindin baki, ta kewaye idanu, ta rufe kumatu, ta sauko haɓa. Kai ka ce amawali ya yi da baƙin rawani. A tsakiyar wannan baƙi kuwa sai ga ƙwayar ido fara-fara mai ɗan ratsin rawaya, tana haske kamar tsakiya. Goshinsa da saman kansa ruwan zinariya ne. Ƙirjinsa da cikinsa rawaya ne mai haske, har zuwa ƙarƙashin wutsiya. Amma idan ya juya muku baya, sai ku ga launi ya sake. Ƙeyarsa da bayansa da fukafukansa da wutsiyarsa duk kore ne mai ɗan duhu, irin launin ganye. Bakinsa baƙi ne mai tsini.

Wannan koren baya yana da amfani. Shaho yana farauta ne daga sama. Idan ya duba ƙasa, bayan tsuntsun kawai zai gani, shi kuwa ya saje da ganyen da yake ciki.

Ga hanyoyi uku da za ku bambanta shi da marai na gari. Na farko, idon marai na gari ja ne, na tsauni kuwa fari-fari. Na biyu, baƙin marai na gari ya rufe kusan dukan kansa, amma na tsauni a fuska kawai ya tsaya. Na uku, kuma wannan ya fi muhimmanci, a wurin marai na gari namiji ne kaɗai yake da ado, shi ma da damina, lokacin neman aure. Mace ba ta da baƙin kai, launinta a dushe yake. A wurin marai na tsauni kuwa, mace da namiji kamarsu ɗaya. Ku riƙe wannan bambanci, domin za mu dawo kansa.

Akwai wani maƙwabcinsa a kurmin tsauni wanda shi ma marai ne, amma kamar sun yi musanyar tufafi. Shi wancan jikinsa baƙi ne, kansa kuwa rawaya. Idan kun ga wannan, to, ba tsuntsun darasinmu ba ne.

Muryarsa ba ta kai ta kanari daɗi ba. Yakan yi wani gajeren kira mai kaifi idan yana neman abokiyar zamansa a cikin ganye. Waƙarsa kuwa 'yar siririya ce, takan fara da tsiwa ta ƙare da wani ɗan kurman sauti. Sau da yawa kunne ne yake fara gano shi kafin ido.

Mazauninsa

A duk faɗin duniya, a ƙasashe biyu kawai ake samun marai na tsauni: Nijeriya da Kamaru. A Nijeriya yana Tsaunin Mambila da tuddan Gashaka-Gumti a Jihar Taraba, da kuma Tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba. A Kamaru yana tuddan Bamenda, da Dutsen Oku, da Dutsen Manenguba, da Tchabal Mbabo. Ko a waɗannan wurare ma ba a ganinsa sai an hau sama da mita 1,000, kuma yakan kai har kusa da mita 3,000 a inda dutse ya yi wannan tsawo.

Me ya hana shi bazuwa kamar ɗan'uwansa na gari, wanda ya cika yawancin Afirka kudu da Sahara? Ku ɗauki kowane tsauni a matsayin tsibiri. Tsibirin da kuka sani ruwa ne yake kewaye da shi. Wannan kuwa ƙasa mai zafi ce ta kewaye shi. Tsuntsun da jikinsa ya saba da sanyi, abincinsa kuma yake cikin itatuwan tsauni, ba zai iya zama a kwarin Binuwai ba, kamar yadda kifi ba zai zauna a tudu ba. Haka zuriyarsa ta daɗe a keɓe a kan waɗannan duwatsu. Ba shi kaɗai ba ne. Jerin tsaunukan da suka taso daga bakin teku a Kamaru suka shigo gabashin Nijeriya suna da fiye da iri 20 na tsuntsaye waɗanda ba a samun su a wani wuri dabam. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Ko a kan tsaunin ma, ba ko'ina yake zama ba. Yawancin Mambila fili ne na ciyawa. Kurmi ya rage ne a jikin gangare, da cikin kwazazzabai, da kuma gefen ƙoramu, inda yakan bi ruwa kamar koren zare. Marai na tsauni ba ya zama a tsakiyar fili, domin babu mafaka. Ba ya kuma shiga can cikin kurmi mai duhu, inda manyan itatuwa suka haɗe suka tare rana. Wurinsa shi ne tsakanin biyun: bakin kurmi, inda ƙananan itatuwa da sarƙaƙiya da dogayen ciyayi suka cakuɗe, rana kuma take ratsawa. A nan yake samun abinci, a nan yake samun ciyawar saƙa, a nan yake samun ƙayar da za ta tsare masa sheƙa.

Ɗaya daga cikin wuraren da aka san shi da zama shi ne Kurmin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, a gefen yamma na Mambila. An keɓe wannan kurmi a matsayin gandun daji tun 1969.

Abincinsa

Ƙwari da 'ya'yan itatuwa su ne abincinsa. Yakan bi reshe a hankali, yana leƙa ƙarƙashin ganye, yana tsince tsutsotsi da sauran ƙananan ƙwari. Bakinsa mai tsini ya dace da wannan aiki. Ba ya yawo cikin babban garke. Yawanci bibbiyu ake ganinsu, mace da namiji, wani lokaci kuma 'yar ƙaramar ƙungiya. Saboda haka ba ya cikin tsuntsayen da suke yi wa manoma ɓarna, irin su jan-baki da kan sauka a gonar gero ko shinkafa dubu-dubu.

Tsuntsayen da suke cin 'ya'yan itatuwa suna yi wa kurmi wani aiki ba tare da sun sani ba. Sukan haɗiye ɗan itace a nan, su je can su kasayar da ƙwallonsa. Idan ya faɗi a wuri mai laima, sai ya tsiro. Ta haka kurmi yake ciyar da tsuntsu, tsuntsu kuma yake shuka kurmi.

Sheƙa da hayayyafa

A nan ne bambancin 'yan'uwan biyu ya fi fitowa fili. Marai na gari mai mata da yawa ne. Namiji ɗaya yakan saƙa sheƙuna da dama a damina guda. Yakan rataya a ƙarƙashin sabuwar sheƙa, kansa a ƙasa, yana karkaɗa fukafukai yana kiran mata. Mace takan shiga ta duba. In aikin ya yi mata, ta zauna. In babu wadda ta karɓa har sheƙar ta bushe, sai ya warware ta ya sake wata. A itace guda kuwa ana iya samun sheƙuna fiye da 100.

Marai na tsauni ba ya kafa irin wannan gari. Mace da namiji sukan ware su kaɗai, su nemi wani lungu a bakin kurmi. Lokacin hayayyafarsu yakan kama daga ƙarshen damina zuwa cikin hunturu. A tsaunukan Kamaru an ga sheƙunansu a watannin Disamba da Janairu.

Me ya kawo wannan bambanci? Wani masani ɗan Birtaniya mai suna John Crook ya yi nazarin dangin marai da yawa, ya wallafa sakamakon bincikensa a 1964. Ya lura cewa abinci ne yake tsara zaman iyalinsu. Masu cin ƙwayar ciyawa a fili suna samun abinci mai yawa a lokaci guda, saboda haka suna iya taruwa wuri ɗaya, mace kuma tana iya ɗaukar yawancin nauyin renon 'ya'ya. Wannan ya ba namiji damar neman mata da yawa, ya kuma sa yake bukatar ado don ya fi sauran maza. Masu cin ƙwari a kurmi kuwa abincinsu a warwatse yake, sai an tsinta ɗaya bayan ɗaya. Dole kowane gida ya sami yankinsa, dole kuma uwa da uba su haɗa hannu kafin 'ya'ya su ƙoshi. A irin wannan zama, sau da yawa mace da namiji sukan yi kama da juna. Kun ga ke nan abin da muka ce ku riƙe game da launinsu yana da dalili.

Yanzu ku dubi yadda dangin marai suke saƙa. Tsuntsun yakan sauka a kan ɗanyar ciyawa, ya ɗan tsaga gefen ganyenta da baki, ya kama, ya tashi da shi. Sai wani dogon zare ya yago. Ɗanya yake zaɓa domin ita ce take lanƙwasuwa ba ta karye ba. Yakan danne zaren da ƙafa a jikin reshe, ya tura bakinsa ta nan, ya jawo ta can, har ya ƙulla. Abin da yake fara yi shi ne zobe. A cikin zoben yake tsayawa, ya saƙa ɗaki ta gabansa, ya rufa sama, ya bar ƙofa. Ba shi da allura, ba shi da ƙoshiya. Baki da ƙafa su ne dukan kayan aikinsa.

Sheƙar marai na tsauni kamar ƙaramin gora take, wanda bakinsa yake kallon ƙasa. Wasu 'yan'uwansa sukan ƙara wa ƙofar wani dogon zaure kamar hannun riga, amma shi ba ya yin haka. Bangon waje saƙa ce mai ƙarfi ta ganye da sillen ciyawa. Ciki kuwa an shimfiɗe shi da kan ciyawa mai laushi da audugar tsirrai, don ƙwai su sami ɗumi a daren Mambila mai sanyi. Yakan rataya sheƙar a siririn reshen ƙaramin itace mai ƙaya, kimanin mita 2 zuwa 3 daga ƙasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hikima. Ƙofar da take kallon ƙasa ba ta shigar da ruwan sama. Siririn reshe ba ya ɗaukar nauyin dabba mai hawa. Ƙaya kuma shinge ce.

Mace takan saka ƙwai 2, masu launin shuɗi mai haske da ƙananan ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa. A dangin marai, kwanci yakan ɗauki kimanin mako biyu. 'Ya'yan sukan ƙyanƙyashe tsirara, idanunsu a rufe, ba sa iya komai sai buɗe baki. Da ƙwari masu taushi ake ciyar da su, domin su ne suke gina jiki da sauri. Bayan mako biyu zuwa uku gashinsu yakan cika, su fita su fara koyon tashi.

Ƙwai 2 ba su da yawa. Wasu ƙananan tsuntsayen Turai sukan saka har 10 a sheƙa ɗaya. Tsuntsun da yake haihuwa kaɗan-kaɗan, idan ya yi asara, yakan daɗe bai mayar ba.

Abin da yake yi masa barazana

An daɗe ana lissafa marai na tsauni cikin tsuntsayen da ake fargabar raguwarsu. Ba farauta ce babbar matsalarsa ba, rashin wurin zama ne. Ku tuna cewa gidansa bakin kurmi ne, kuma duk abin da zai taɓa kurmi, ta baki yake farawa.

Na farko shi ne wuta. Idan ciyawa ta bushe, akan cinna mata wuta domin sabon toho ya fito wa dabbobi. Wutar takan ci fili, ta zo ta tsaya a bakin kurmi, bayan ta lashe sarƙaƙiya da ƙananan itatuwa. Abin takaici, lokacin ƙunar daji yakan zo daidai da lokacin da sheƙuna suke ɗauke da ƙwai ko 'ya'ya. Sheƙar busasshiyar ciyawa a tsayin mita 2 ba ta da wata dabara a gaban wuta. Na biyu, shanu sukan ratsa bakin kurmi za su shan ruwa, su tattake tsiron da zai maye gurbin abin da ya ƙone. Na uku, ana sare itatuwa don girki da gini, ana kuma share gefen ƙoramu don noma. Kowace shekara kurmi yakan ja baya da taki kaɗan, har wata rana a wayi gari babu shi.

Makiyayi yana da hujjarsa, manomi ma haka, domin kowa abinci yake nema wa iyalinsa. Amma asarar kurmi ba ta tsuntsu kaɗai ba ce. Saiwoyin itatuwa ne suke riƙe ƙasa a gangare, su kuma tare ruwan sama su riƙa sakinsa a hankali har cikin rani. Daga waɗannan tuddai ne Kogin Donga da Kogin Taraba suke tasowa kafin su zuba cikin Binuwai. Ƙoramar da aka yi wa tsirara ba ta daɗewa take ƙafewa, kuma ranar da ta ƙafe, saniya da mai ita duk za su ji a jikinsu.

Akwai abin ƙarfafa zuciya. Marai na tsauni ba ya bukatar a kori mutane daga ƙasarsu. Ana ganinsa har a gefen gonaki, muddin an bar 'yan itatuwa da sarƙaƙiya. Idan manomi ya bar 'yar tazara tsakanin gonarsa da ƙorama, idan aka share ciyawa a kewayen kurmi kafin a sa wuta, to, tsuntsun ya sami wurin zama. A Ngel Nyaki akwai tashar bincike da masana daga Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan suka kafa tare da abokan aikinsu 'yan Nijeriya. Sun kewaye wasu filaye na bakin kurmi da shinge don tsare su daga wuta da shanu, suna kuma renon itatuwan asalin wurin suna dasawa. Yawancin ma'aikatan tashar mutanen ƙauyukan yankin ne. Gandun Gashaka-Gumti kuwa, wanda aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba, ya fi kowane gandun dajin ƙasa girma a Nijeriya.

Ku ma kuna da naku rabon aikin. Kada ku ciro sheƙa don wasa, kada ku harbi tsuntsu da danƙo ba dalili, kada ku sa wa daji wuta. Ku fara da marai na gari da yake kusa da ku. Ku zauna nesa kaɗan, ku yi shiru, ku kalli yadda yake saƙa, ku rubuta abin da kuka gani. Wanda ya iya kallon na gari da kyau, ranar da Allah ya kai shi Mambila ba zai sha wahalar gane na tsauni ba.

Ma'anar wasu kalmomi

amawali: ɓangaren rawani da ake rufe baki da haɓa da shi
hayayyafa: haihuwa da yawaita
kurmi: daji mai manyan itatuwa da suka haɗe
kwanci: zaman tsuntsuwa a kan ƙwai har su ƙyanƙyashe
kwazazzabo: wuri mai zurfi da ruwa ya zaizaye tsakanin tuddai
ƙololuwa: wuri mafi tsawo a kan dutse
ƙoshiya: ɗan katakon da masaƙi yake jefa zare da shi
saje: yin kama da abin da yake kewaye har a kasa bambantawa
sarƙaƙiya: ƙananan itatuwa masu ƙaya da suka cuɗe da juna
toho: sabon ganye ko sabuwar ciyawa

Lura da harshe

Ƙugiyar da take kan harafi tana sauya ma'anar kalma. Ku karanta waɗannan da ƙarfi, ku lura da bambancin furucinsu:

baki (na tsuntsu, ko gefen wuri) da baƙi (launi)
kwari (wuri mai gangare tsakanin tuddai) da ƙwari (ƙananan halittu irin su fara da tururuwa)
saka (sanya, ko yin ƙwai) da saƙa (aikin masaƙi)
kafa (girka abu) da ƙafa (gaɓar jiki)

Tambayoyi

1. Ku ambaci garuruwa uku da matafiyi zai wuce daga Jalingo zuwa Mambila.
2. Me ya sa Mambila ta fi Jalingo sanyi?
3. Ku kawo bambance-bambance uku tsakanin kamannin marai na gari da na tsauni.
4. Don me aka kwatanta tsauni da tsibiri?
5. Waɗanne abubuwa uku ne marai na tsauni yake samu a bakin kurmi?
6. Yaya abinci yake shafar zaman iyalin dangin marai?
7. Ku bayyana hikimar da take cikin siffar sheƙarsa da wurin da yake rataya ta.
8. Ta yaya asarar kurmi take shafar makiyayi da manomi?

Aiki

(a) Ku gina jimla ɗaya da kowace kalma daga cikin kalmomi takwas na sashen "Lura da harshe".
(b) Ku zaɓi tsuntsu ɗaya na garinku, ku lura da shi har mako guda. Ku rubuta sakin layi uku a kansa: kamanninsa, mazauninsa, da sheƙarsa.
(c) Ku tambayi wani dattijo sunan marai a harshenku na gida, da wata karin magana da ta shafi tsuntsu. Ku fassara ta zuwa Hausa, ku karanta wa 'yan ajinku.